Yadda Hukuma Ke Fama da Ciwon Daji a Makka

Zancen kimiyya na wannan mako ya nufi garin da kowane Musulmi ke fuskanta sau biyar a yini, watau Makka. In an ambaci lafiyar jama'a a wannan gari, abin da ya kan faɗo wa mutum a rai shi ne annoba, kamar kwalara da sanƙarau, da kuma zafin rana mai ka da alhazai. Kula da lafiyar baƙin Allah na cikin manyan dalilan da suka sa Sarki Abdul'aziz ya kafa ofishin lafiyar jama'a a Makka cikin 1925, tun ƙasar ba ta sami sunanta na Sa'udiyya ba. Amma akwai wata cuta wadda ba ta zuwa da gayya irin ta annoba, ba ta kuwa jiran watan Zulhajji. Ita ce ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara, likitoci kuwa su ce kansa.

An gina jikin ɗan Adam da waɗansu ƙwayoyi mitsi-mitsi, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya ta kan rabu biyu don a maye gurbin waɗanda suka mutu, in an sami isassu sai ta dakata. To, wani lokaci umurnin da ke rubuce cikin wata ƙwaya ya kan gurɓace, ta yi ta haihuwa ba tsayawa, har 'ya'yanta su taru su zama ƙari. Tun ƙarin yana wuri guda likita na iya fiɗe shi. In an bar shi kuwa, sai waɗansu 'ya'yan su ɓalle su bi jini, su kafa sansani a hanta, ko huhu, ko ƙashi, daga nan aiki ya yi wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 1922 da ɗari, watau 2022, mutum wajen miliyan 20 suka kamu da cutar a duniya, wajen miliyan 10 kuma suka mutu. Ta ce kuma daga kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari ana iya hana su tun ba su fara ba.

Abin da Gwamnatin Sa'udiyya ta ga ya wajaba shi ne ƙirge, gama mai yaƙin da bai san yawan abokan gabansa ba, a duhu ya ke harbi. Cikin 1992 aka kafa ofishin rajistar ciwon daji na ƙasa, ya soma tattara lissafi daga farkon 1994. Asibitocin ƙasar, har da na lardin Makka, su kan aika da labarin duk wanda aka samu da cutar: shekarunsa, da inda ta kama shi, da nisan da ta yi. Littafin nan ya nuna cewa a wajen mata ciwon nono ne kan gaba, kusan 3 cikin kowace 10 da suka kamu. A wajen maza kuwa na babban hanji ne.

Wajen rigakafi, inda Makka ta yi fice shi ne sha'anin taba. Tun 1950 waɗansu masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka binciki majiyyata a asibitocin London, suka nuna cewa ciwon dajin huhu da shan sigari tafiyarsu ɗaya. Hayaƙin taba na ɗauke da gubobi masu yawa waɗanda ke gurɓata umurnin nan na cikin ƙwaya, ba a huhu kaɗai ba, har a baki da maƙogwaro da mafitsara. Cikin 2001 Sarki Fahad ya ba da umurni Makka da Madina su zama garuruwan da ba ruwansu da taba. Aka hana sayar da ita cikin iyakar Harami, aka kuma tura gidajen shan shisha bayan gari. Ba a ce doka ta kashe ƙwarnafi ba. Wanda abin ya matsa wa ya kan hau mota ya fita bayan iyaka ya sayo. Duk da haka dabarar na da ma'ana, don alhajin da ya yi mako uku ko huɗu bai ga mai tallan sigari ba, ya riga ya haye kwanakin da suka fi wuya ga mai son bari. Bayan haka Gwamnati ta kama wajen aljihu: cikin 2017 ta ɗora wa taba haraji na ɗari bisa ɗari, cikin 2019 kuma ta sa a riƙa sayar da ita cikin kwali mara ado, sai hoton ɓarnar da ta ke yi. Akwai kuma ɗakunan likita na masu son bari, kyauta. A kudancin ƙasar, wajen Jizan, wata garin taba da a ke cusawa a baki, mai suna shamma, ita ke yawan jawo dajin baki. Masu cin taba gari da kanwa a ƙasar Hausa sai su lura, 'yan gida ɗaya ne.

Sai batun aski, wanda mai sauraro zai yi mamakin abin da ya haɗa shi da ciwon daji. An faɗa a baya cewa ƙwayar jikin mutum ce ke ɓaci, saboda haka ba a ɗaukar sankara wurin wani kamar yadda a ke ɗaukar mura. Amma akwai ƙwayoyin cuta masu yaɗuwa waɗanda in sun daɗe a jiki su kan share mata hanya. Ɗaya daga cikinsu ita ce ƙwayar ciwon hanta mai lamba B, wadda wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, ya gano alamarta cikin jini a shekarun 1960, har ya sami kyautar Nobel cikin 1976. Ƙwayar nan jini ta ke bi. Ta kan zauna a hanta shekara 20 ko 30 ba a sani ba, tana kumbura ta, hantar na ƙoƙarin gyara kanta, har ta ƙandare, daga nan sai daji ya tsiro. Tana da taurin rai kuwa, gama ta kan yi mako guda cikin busasshen jini a bakin aska ba ta mutu ba.

To, a dubi ranar Layya a Mina. Cikin 2024 alhazai sun kai wajen 1,800,000, kuma dubban dubatan mazansu na neman aski cikin yini ɗaya ko biyu, bayan sun yi jifa. Kowa na ɗokin kwance harami, kai ya sha rana, hannun mai aski na sauri, ba a rasa 'yar ƙwarzana. In reza guda ta bi kawuna goma, kuma ɗaya daga cikinsu na ɗauke da ƙwayar, sauran da suka biyo bayansa sun shiga hatsari, alhali ba wanda zai ga alamar kome sai bayan shekaru, a Kano ko a Jakarta. Don haka Hukuma ke ba masu aski lasin bayan an duba lafiyarsu, ta tanadi wuraren aski kusa da wurin jifa, ta kuma wajabta sabuwar reza ga kowane kai, a yar da ita in an gama. Masu askin bakin hanya, waɗanda ba su da lasin, ana korarsu, amma ba su ƙarewa, don arha da gajen haƙuri na kai musu ciniki. A nan 'yan riyal kaɗan da alhaji ya ga ya rage ba su kai hantarsa ba. Wannan magana ta shafi wanzamai na gida ma, masu aski da kaciya da ƙaho da cire belu da aska guda.

Babban makami dai shi ne allura. Cikin 1989 Sa'udiyya ta sa allurar ciwon hanta cikin alluran jarirai, shekarar da ta biyo kuma aka haɗa da yara masu shiga makaranta. Dalilin soma wa da jarirai kuwa shi ne, jaririn da ya ɗauki ƙwayar, sau 9 cikin 10 ta kan zauna masa har girma, babba kuwa galibi jikinsa ya kan kore ta. Kafin a soma, wajen yara 7 cikin 100 ke ɗauke da ita. Da aka sake bincike cikin 1997, sai aka tarar saura wajen 3 cikin 1,000. Cikin 2008 aka ƙara gwajin ciwon hanta cikin gwajin jinin da a ke yi wa masu shirin aure. Nijeriya ta sa wannan allura cikin na jarirai a 2004, amma binciken 2018 ya nuna manya wajen 8 cikin 100 na ɗauke da ƙwayar. Ga kuma gubar fumfunar gyaɗa da masara, wadda aka gano bayan ta kashe talotalo wajen 100,000 a Ingila cikin 1960. In ta gamu da ƙwayar nan cikin hanta guda, hatsari ya kan ninku ƙwarai.

Haka nan dajin bakin mahaifa, wata ƙwaya ce ke kawo shi, tana kuwa da allura. Sa'udiyya ta soma yi wa 'yan mata a makarantu cikin 2022, Nijeriya kuma cikin Oktoba 2023, ga 'yan shekara 9 zuwa 14.

Wajen gano cuta da wuri ne aka fi shan wuya, ba don rashin na'ura ba. Ana da injin ɗaukar hoton nono wanda ke iya ganin ƙari tun bai kai ƙwayar wake ba, tun hannu bai ji shi ba, Ma'aikatar Lafiya kuma na kiran matan da suka kai shekara 40 su zo a duba su kyauta. Amma kunya da tsoro su kan hana, har mata da yawa ba su zuwa sai ciwo ya yi nisa. Wata likitar mata ta Jidda, Samiya Al-Amudi, ta kamu da cutar cikin 2006, maimakon ta ɓoye sai ta riƙa ba da labarin jinyarta a jarida, abin da ba a saba gani ba a ƙasar. Cikin Oktoba 2010 mata kusan 4,000 suka taru a Jidda suka jeru cikin siffar kirtanin nan mai ruwan hoda, alamar yaƙi da ciwon nono. Na hanji kuwa, masanan ƙasar sun ba da shawara cikin 2015 a soma dubawa daga shekara 45. Gwajin farko mai sauƙi ne, bayan gida a ke dubawa ko akwai ɓoyayyen jini. In an gani sai a zura wani siririn bututu mai fitila, a tsinke tsiron tun bai rikiɗe ba.

Magani iri uku ne manya: fiɗa, da gasa ƙarin da wani haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, da kuma magunguna masu kashe ƙwayoyin da ke saurin haihuwa, waɗanda su ke sa gashi zubewa don shi ma saurin tsiro gare shi. Babban asibitin Sarki Faisal na Riyad, wanda aka buɗe cikin 1975, shi ne ya daɗe yana ɗauke da nauyin wannan aiki, ga shi kuwa ya fi mil 500 daga Makka. Jidda ta fi kusa, wajen mil 45, amma mai gashi sai ya je kusan kullum har makonni, abin da ke gajiyar da mara lafiya da danginsa. Yanzu asibitin Sarki Abdullahi da ke kan hanyar Muzdalifa na da sashen ciwon daji, mutumin Makka na iya jinya kusa da gida.

Ɗan ƙasa ba ya biyan kome. Baƙon da ke aiki da takarda, doka ta ɗora wa ubangidansa ya yi masa inshorar lafiya. Waɗanda suka faɗa tsakani su ne mazaunan da ba su da takarda, cikinsu har da Hausawan da suka daɗe a unguwanni irin su Shara Mansur. Tsoron a tambaye su takarda ya kan sa su zauna da ƙari a gida, su yi ta shafe-shafe, har lokacin da fiɗa za ta yi amfani ya wuce.

Alhaji kuwa ana duba shi kyauta in ciwo ya kama shi lokacin aikin Hajji, amma jinyar daji ta watanni ce, izninsa na zama kuwa na makonni. Cikin ƙa'idodin lafiya na Hajjin 2025, Hukumar Sa'udiyya ta sa masu ciwon dajin da a ke tsakiyar ba su maganin nan mai ƙarfi cikin waɗanda ba za a bari su zo ba, gama maganin na raunana garkuwar jiki, cunkoson Mina kuwa ba ya rasa tari da mura. Allurar ciwon hanta ba ta cikin waɗanda aka wajabta, kamar ta sanƙarau, amma likitoci na ba maniyyata shawarar yin ta. Sau uku a ke yi: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da ta farko. Maniyyacin da jirginsa zai tashi cikin Zulkida, ke nan, sai ya soma tun watan Jimada Ula.