Yankar Sautin Kiɗa Domin Gina Sabuwar Waƙa: Bayani Ga Makaɗan Karkara

Wannan fasaha ta bunƙasa ne daga unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka, inda a shekarar 1973 DJ Kool Herc ya riƙa juya faifan garmaho biyu yana maimaita gaɓar da ganga ta fi armashi. Daga bisani na'ura ta karɓi aikin: a yanko gaɓar, a adana ta, a ɗora sabuwar murya a kanta.

A Kano, mun fara jin makamancin haka ne a waƙoƙin finafinan Hausa, inda fiyanon Yamaha ke kwaikwayon kalangu da sarewa. Yanzu kuwa kwamfuta na yanko ainihin sautin. Ke nan kiɗan da aka ɗauka da waya a wajen biki ko filin dambe a Ajingi ko Gaya, yana iya zama harsashin waƙar wani a birni, mai kalangun bai sani ba, balle ya ga sisi.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta bai wa makaɗi ikon amincewa ko ƙin amincewa da ɗaukar kiɗansa da yaɗa shi. Muna jan hankalin dagatai da jami'an ƙananan hukumomi su sanar da makaɗan yankunansu cewa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ce ke karɓar irin wannan ƙorafi.