Gishirin Miya Ba Ya Mayar Da Ruwan Famfo Ruwan Teku

Na gaji da jin wannan magana. Mutum ya ga kifayen teku masu launi a akwatin gilashi, a wani otal ko a bidiyon TikTok, sha'awa ta kama shi, sai a samu wani gwani ya ce masa ai abin ba wuya: cika akwatin da ruwan famfo, zuba gishiri ka motsa, saka kifinka. Wani har da kafa hujja wai shekara nawa yana kiwon tarwada a bayan gida. Sai bawan Allah ya zuba kuɗi ya sayo kifin da aka yo jigilarsa a jirgin sama, kwana biyu ya tarar da shi a saman ruwa ciki sama, ya ce mai sayarwa ne ya cuce shi, ko kuma kwana ne ya ƙare. Kwana ya ƙare kam, amma da hannun wa?

Tarwada tana iya shaƙar iska daga sama, tana jure taɓo da ruwa mai datti. Kifin da ya fito daga cikin murjani a tekun Indonesiya ko Filifin bai san wannan wahala ba. A inda yake zaune, gishiri da zafin ruwa kusan ba sa canjawa daga wata zuwa wata, jikinsa kuma a kan haka aka halicce shi. Ruwan teku kullum janye ruwan jikinsa yake yi, shi ya sa yake shan ruwa ba tsayawa, yana fitar da rarar gishirin ta wurin da yake numfashi a gefen kai. Gishirin ya yi ta hawa da sauka, wannan tsari ya rikice, kifin ya galabaita.

Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri. To amma fa ba irin na miya zalla ba ne. Kimanin kashi 85 cikin ɗari ne kawai irin namu na girki. Sauran akwai magnesiyom da kalsiyom da fotasiyom da wasu sinadarai da suke hana ruwan yin tsami. Gishirin kanti ba ya da su yadda ake bukata, ga shi ana ƙara masa aidin da maganin dunƙulewa. Ruwan famfo kuwa akan sa masa kulorin don ya kashe mana ƙwayoyin cuta, shi kuma kifi ƙone masa wurin numfashi yake yi. Na burtsatse ba ka san abin da ya ɗebo daga ƙasa ba. Ka haɗa waɗannan biyu ka ce ka yi teku? Haba jama'a! Gishirin da ake amfani da shi daban ake haɗa shi a masana'anta, a buhu ko a bokiti ake sayar da shi, yana da tsada, kuma ba shi da madadi.

Ko ka samu gishirin gaske ma, ba a ranar ake zuba kifi ba. Kifi yana fitar da amoniya, guba ce, kuma a ruwan teku ta fi kaifi. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne suke cinye ta, su kuwa sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin su yaɗu a jikin duwatsu da matacin ruwa. Wata guda da ɗoriya kana kallon akwati babu kowa a ciki. A nan yawancinmu muke faɗuwa, don baƙi za su zo ranar Asabar kuma ana so su gani su yaba. Mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu. Dabbar da ba ta iya kuka ma tana da hakki a kanka, kuma ba don ta sa falonka ya yi kyau aka halicce ta ba.

Wanda ya dage sai ya yi, to ya fara lissafin wuta kafin ya yi na kifi. Injin da ke juya ruwa ya tsaya na 'yan awoyi, iskar da ke cikin ruwan ta ƙare. In ba ka da sola ko inbata da za ta riƙe shi dare da rana, ka haƙura. Kifayen murjani suna son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27. A Kano ko Sakkwato ko Yamai, lokacin bazara zafi yakan wuce 40, ke nan sai da na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai iyakwandishan. Da hunturu kuma ruwa yana ƙafewa da sauri, gishirin kuwa ba ya ƙafewa, sai ya yi yawa a ciki. Kuskuren da ake yawan yi shi ne cikowa da ruwan gishiri. Tataccen ruwa marar gishiri ake cikowa da shi, sannan a duba da na'urar awon gishiri, ba da ɗanɗanon harshe ba. Babban akwati ya fi ƙarami sauƙin riƙewa, don ruwa mai yawa ba ya saurin canjawa. Kar a cika abinci, kar a fesa maganin sauro a ɗakin, kar a sa hannu mai sabulu ko man shafawa. Sabon kifi a ware shi a wani akwati na 'yan makonni kafin a haɗa shi da sauran.

Sai kuma tambayar da ba a yi wa mai sayarwa: daga ina kifin ya fito? Mafi yawan nau'o'in kifin teku na ado har yau kamo su ake yi, a wasu wurare ma da gubar sayanayid da take sumar da kifin ta kuma kashe murjanin. Kifin nan mai ruwan lemo da farin zane, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya fito da shi, tun shekarun 1970 ake hayayyafa shi a tankuna. Macen takan jera ƙwanta a kan dutse, namijin ya yi ta gadi yana fifita su har su ƙyanƙyashe cikin kamar mako guda. Shuɗin nan kuwa da yara suka sani da suna Dory, sai a 2016 masu bincike na Jami'ar Florida suka fara dacewa da rainon 'ya'yansa, saboda suna fitowa ƙanana ainun, abincin da zai shiga bakinsu ma aiki ne. Ɗan tanki ya saba da abincin gwangwani, ya fi juriya, don haka shi ya kamata sabon shiga ya nema, ya bar Dory da take bukatar ƙaton akwati.

In kuma ka gaji da kifi, ka mayar wa mai shago ko ka ba wani mai kiwo. In ka sake shi a kogi, mutuwa zai yi nan take. A teku kuwa yana iya zama annoba, kamar kifin nan mai ƙayoyin dafi ɗan asalin tekun Indiya da Fasifik, wanda aka fara gani a gaɓar Florida a 1985, ake kuma kyautata zaton masu kiwo ne suka sake shi. Yanzu ya mamaye tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifaye, har ana shirya gasar farautarsa don a rage shi.