Sawun Zomo A Duwatsun Jos

Mutanenmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, da yawansu in an ce zomo sai su tuna da wanda ake kiwo a keji. To, na dawa dabam yake. Ya fi dogon kunne da dogayen ƙafafun baya, kuma ba ya haƙa rami. Ɗan gurbi yake yi a gindin ciyawa ko a inuwar dutse, ya lafe ya yini, sai dare ya fito kiwo. Danginsa ne wanda Amurkawa ke farauta a hamadarsu.

A ƙasar Jos lokacin bin sawunsa shi ne hunturu, bayan an girbe acca. Maharbi kan yi sammako cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi, ya nufi gefen Dutsen Shere ko filayen Bukur da Barikin Ladi, inda haƙar kuza ta bar tudun yashi da kududdufai. A kan wannan yashi sawu ke fitowa sarai. Kan fā kuwa ba a ganin kome, sai dai a nemi kashinsa, ƙanana masu kama da na akuya, amma busassu cike da ciyawa.

Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne in zomo na gudu, ƙafafunsa na baya kan sauka gaban na gaba. Watau manyan sawu biyun su ke nuna inda ya dosa. Wanda bai san haka ba sai ya bi baya, ya ɓata safiyarsa. Ga shi kuma yakan komo kan sawunsa, sa'an nan ya daka tsalle gefe guda kafin ya kwanta. Nan ne gwani ke tsayawa, ya riƙa kewaya wurin a hankali, kere a hannu, kare a gefe. Sau da yawa sai an kusa taka shi zai zabura, yana gudu yana kwana, kare na wucewa.

Amma yanzu samari da yawa ba su da wannan haƙuri. Ashana ɗaya suke ƙyastawa, su tsaya a bakin wuta suna jira. Babba yakan tsira da gudu, 'ya'yan kuwa, da yake a fili ake haihuwarsu ba a rami ba, nan suke ƙonewa. Makiyayi ya rasa ciyawa, wani lokaci wutar ta ci har bagar manomi, rigima ta tashi a kan naman da bai cika tukunya ba. Wannan ba farauta ba ce, ɓarna ce.

Gandun namun daji da aka kafa a Jos a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, an hana farauta a cikinsa. Sai dai faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 8 ba, zomaye kuwa galibinsu a gonaki da makiyaya suke.