Badagiri: Garin Kasuwa a Bakin Teku

Badagiri ƙaramin gari ne a Jihar Legas, yamma da birnin Ikko, daf da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Wani dogon ruwa mai kwanciya ya raba shi da teku, kuma wannan ruwa shi ne tushen arzikinsa, domin ta kansa jiragen kwalekwale ke kai da kawowa tsakanin Ikko da Porto-Novo tun zamanin da.

Mafi yawan mutanen garin Egun ne, harshensu kuwa dangin na mutanen kudancin Benin ne, suna zaune tare da Yarabawa da Hausawa 'yan kasuwa. Sarkinsu ana ce masa Akran. Sana'arsu su, da noman kwakwa, da saƙar tabarma, abin da suka samu kuma a kasuwar Agbalata yake haɗuwa. Cikin al'adunsu akwai Zangbeto, wato dodon da ake lulluɓewa da zaren kaba, wanda bisa ga al'ada shi ke tsaron gari da dare. Akwai kuma Sato, wasu dogayen ganguna da ake kaɗawa a manyan bukukuwa.

Tarihin garin bai rasa ɗaci ba. A ƙarni na 18 ya zama babbar tashar cinikin bayi. Daga kasuwar Vlekete ake ƙetarar da su zuwa tsibirin Gberefu, su taka a ƙasa har bakin teku, inda ba a komowa. Daga Badagiri ne kuma Clapperton ya kama hanya a 1825 zuwa Sakkwato, inda ya rasu a 1827. 'Yan mishan sun sauka a 1842, suka gina gidan bene a 1845, wanda ake ɗauka shi ne na farko irinsa a Nijeriya. A 1863 garin ya shiga hannun Ingilishi.

Waɗannan wurare, tare da sarƙoƙi da marin bayi da aka adana a gidajen tarihi, su ke jawo baƙi masu yawon buɗe ido. To, amma abin lura a nan shi ne, baƙon da ya zo da hantsi, ya kalli sarƙa, ya juya kafin la'asar, bai bar wa masunci ko mai saƙar tabarma ko sisin kwabo ba. Ya ga yadda aka sayar da mutane, bai ga yadda jikokin garin ke rayuwa ba.

Saboda haka wajibi ne ma'aikatan da ke tsara wannan harka su haɗa gidan tarihi da kasuwa a hanyar baƙo, su horar da 'yan gari su zama masu yi wa baƙi jagora, su kuma gyara tsofaffin gine-gine kafin iskar teku ta cinye su. Jama'ar da ba ta cin moriyar kayan tarihinta, da wuya ta ɗauki nauyin kiyaye su.