Tafiya Wagadugu Kai Kaɗai da Damina: Shirin da Za Ka Yi Tun Daga Gida

Yawancin mutanenmu da rani suke fita cin rani ko fatauci. Amma lalura ba ta jiran kaka. Wani zai je gaisuwar rasuwa, wani karɓar kuɗin dabbobinsa, wani taron ikkilisiya, wani kuma duba ɗansa mai koyon sana'a. Idan irin wannan tafiya ta kama ka zuwa Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, tsakanin watan Yuni da Satumba, kuma ba ka da abokin tafiya, wannan ɗan littafi naka ne.

A gida, idan zazzaɓi ya kwantar da kai, akwai mai gani. Matarka za ta taɓa goshinka, ƙanenka zai nemo babur a kai ka asibiti. A baƙon gari ba wanda ya san yadda fuskarka take in kana lafiya, balle ya gane ta sāke. Saboda haka dukan shirin da za mu faɗa maka yana komawa ga abu biyu: ka rage hanyoyin da cuta za ta same ka, ka kuma shirya wanda zai tsaya maka in ta same ka.

1. Ka nemi mai masauki kafin ka nemi guzuri

Kada ka hau mota sai ka san gidan da za ka sauka, ka kuma yi magana da mai gidan ta waya. Dattawa da yawa sun san tsohon zangon Hausawa na tsakiyar Wagadugu, wanda ake kira Zangouettin. An tashi mutanen unguwar a shekarar 2003 don gyaran tsakiyar birni, suka bazu cikin wasu unguwanni. Kwatancen da babanka ya sani watakila ba ya aiki yau. Idan mai masaukinka yana Tanghin, a arewacin birnin, ka sa ya faɗa maka kasuwa, masallaci ko majami'ar da ke kusa da gidansa.

Mutanen gari Mosanci da Faransanci suka fi ji. Ka sa wani mai ilimi ya rubuta maka takarda da Faransanci, mai ɗauke da sunanka, garinku, lambar wayar mai masauki, lambar wani na gida, ciwon da kake da shi, da maganin da jikinka ba ya so. Ka sa ta cikin leda, ta zauna a aljihun rigarka. In ka suma a hanya, ita za ta yi magana a madadinka.

Ka gaya wa fasto ko liman ranar tashinka da ranar da kake sa ran dawowa. Ku yanke da mutanen gida cewa za ka kira su kowace yamma. In kwana biyu suka wuce shiru, su kira mai masaukin.

2. Ka zo asibiti da sauran lokaci

Ana tambayar katin allurar shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, a kan iyakar Burkina Faso. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, domin sai lokacin jiki yake samun kariya. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa allura ɗaya ta isa mutum har ƙarshen ransa. Idan an taɓa yi maka, tsohon katinka yana da kyau. Kada ka sayi kati a tasha ba tare da allura ba. Zai iya wuce da kai shinge, amma sauro ba ya karanta kati.

Idan kana shan maganin hawan jini, ciwon sukari, farfaɗiya, tarin fuka ko ƙanjamau, ka karɓi wanda zai ishe ka dukan tafiyar, ka ƙara na mako biyu a kai. Da damina hanya takan yanke, kwana biyar su zama goma sha biyar. Mai sikila ya ga likita kafin ya tashi, gama zazzaɓin cizon sauro da sanyin ruwa sukan tayar masa da ciwo.

3. Abin da za ka sa a jaka

- Gidan sauro mai magani, da igiyar ɗaure shi. Kada ka ce mai masauki zai ba ka. Mai yiwuwa nasa bai ishi 'ya'yansa ba.
- Farasitamol.
- Ƙullin gishiri da sukari na asibiti, kamar guda biyar.
- Sabulu da butar ruwa mai murfi.
- Riga mai dogon hannu, dogon wando, da takalmi rufaffe.
- Tocila da ledoji masu kauri don magani, takardu da waya.
- Kuɗin asibiti, a ware su dabam da kuɗin mota. A Burkina Faso, tun 2016, yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki ne ake yi wa magani kyauta a asibitocin gwamnati. Babban mutum biya yake yi.

4. A kan hanya

Babbar hanya daga Yamai takan bi ta Torodi, Makalondi, Kantchari, Fada Ngurma da Koupela, tafiyar wajen kilomita 500. Shekarun nan an sha samun rashin tsaro a wannan yanki. Ka tambayi direbobin tasha da mai masaukinka halin da hanya take ciki a makon da za ka tashi, da irin takardun da ake nema a kan iyaka. In sun ce a dakata, ka dakata. Matambayi ba ya ɓata.

Ka yi tafiyar rana. In mota ta lalace ko dare ya yi muku a tasha, ka ɗaura gidan sauronka ko da mutane za su yi maka dariya. Cizon dare ɗaya ya isa ya sa maka zazzaɓi. In kun tarar ruwa ya sha kan gada, ka sauka ka jira ya janye, ko direba ya ce ya saba.

5. Sauro iri biyu ne a Tanghin

Tanghin tana bakin manyan madatsun ruwa uku da suka ratsa arewacin Wagadugu. A gefensu akwai lambuna na latas, kabeji da albasa. Ruwan yana ciyar da mutane da yawa, yana kuma hayayyafa sauro, musamman daga watan Agusta, wanda ya fi kowane wata ruwa, har zuwa Oktoba.

Na farko shi ne sauron dare, mai kawo zazzaɓin cizon sauro. Yana cizo daga magariba zuwa asuba. Cutar takan fito bayan mako ɗaya zuwa biyu da cizon. Kada ka ce ai ka saba da zazzaɓi a gida. Sabon ba ya hana shi kayar da mutumin da ya gaji da tafiya, bai ci da kyau ba.

Na biyu shi ne sauron rana, baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, mai kawo zazzaɓin dengi. Ya fi cizo da safe da kuma la'asar. Ba ya bukatar tafki: tsohuwar taya, gwangwani, ko randar da ba murfi sun ishe shi ƙwai. Wagadugu ta yi fama da annobar dengi a 2016 da 2017, sannan a 2023 ta dawo da ƙarfi, ɗaruruwan mutane suka rasu a ƙasar. Alamunta su ne zazzaɓi mai zafi, ciwon kai a bayan idanu, da ciwon gaɓoɓi kamar an yi maka dūka.

Don haka ka kwana cikin gidan sauro kowane dare, ka cusa gefensa ƙarƙashin tabarma ko katifa. In za ka yi barcin rana ma ka shiga ciki. Ka sa riga mai dogon hannu safe da yamma. In ka ga gwangwani ko taya da ruwa a tsakar gidan da ka sauka, ka zubar; ka taimaki kanka, ka taimaki masu gida.

6. Ruwan sha da abinci

Da damina ruwan sama yakan kwashi ƙazantar masai ya kai cikin rijiyoyi. Daga nan gudawa, taifot da kwalara suke fitowa. Ka sha ruwan famfo ko ruwan leda da ba a huda ba. In na rijiya ne, a tafasa shi ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka. Ka ci abinci da zafinsa. Latas da ɗanyen ganye na bakin madatsa, in ba ka ga yadda aka wanke su ba, ka haƙura. Ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan ka fito daga bayan gida.

In gudawa ta kama ka, ka fara shan ruwan gishiri da sukari nan take. Ƙulli ɗaya a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In ƙullin ya ƙare, ka haɗa da kanka: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada gishirin ya wuce haka. In gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko da jini a ciki, ko amai ya hana ka riƙe ruwa, ka tafi asibiti kana kurɓa a hanya.

Kada ka yi wanka, wanki ko alwala a cikin madatsa. Ruwan da yake kwance irin wannan yakan ɗauki tsutsar tsargiya, wadda take shiga ta fata, bayan makonni mutum ya fara fitsarin jini.

7. Idan hadari ya taso

Ran 1 ga Satumba 2009 an yi ruwa fiye da milimita 260 a Wagadugu cikin yini ɗaya, wato kusan sulusin ruwan shekara guda. Madatsun suka cika suka tumbatsa, gidajen ƙasa suka zube, wajen mutum 150,000 abin ya shafa. Har babban asibitin Yalgado Ouédraogo ruwa ya shiga, sai da aka kwashe marasa lafiya. Unguwannin da ke bakin madatsun suna cikin waɗanda suka fi shan wahala.

Ranar da ka sauka, ka tambayi mai masauki inda ruwa yake bi, da tudun da ake gudu a kai. Ka dubi bangon ɗakin da za ka kwana. In na ƙasa ne, ya jiƙe ko ya tsage, ka nemi a sāke maka wuri. Kada ka ratsa ruwa mai gudu da ƙafa ko da babur. Wanda ya kai gwiwa yana iya kayar da ƙato, kuma akwai manyan lambatu da ba a ganin bakinsu in ruwa ya rufe. Kada ka fake gindin itace ana tsawa. Lambar 'yan kwana-kwana a Burkina Faso ita ce 18.

8. Idan zazzaɓi ya kama ka

Ka gaya wa mai masaukinka tun ranar farko. Kunyar baƙunta ta sa mutane da yawa sun kwana uku a ɗaki suna rawar ɗari, ba wanda ya sani. Ka sha farasitamol, ka sha ruwa da yawa, ka je a gwada jininka kafin kwana ɗaya ya cika. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, ba ya wuce minti 20.

Kowane yanki yana da ƙaramin asibitin gwamnati, wanda mutanen gari suke kira CSPS. A Tanghin kuma akwai asibitin Schiphra na masu bi, kusa da madatsa. Ka san hanyarsu tun kana da lafiya.

In gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro, za a ba ka maganin kwana 3, irin su Coartem, safe da yamma. Ka sha shi da abinci mai ɗan maiƙo ko da madara, ka kuma shanye duka ko ka ji sauƙi a rana ta biyu. In gwaji bai nuna ba, ka tambaya ko dengi ne. Kada ka sha asfirin, ibuprofen ko diclofenac, domin in dengi ne suna iya jawo zubar jini. Kada ka sayi ƙwayoyin da ake tallansu a faranti a tasha. Rana da laima sun ɓata da yawa daga cikinsu, wasu kuma jabu ne.

Ga alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu. Ka karanta wa mai masaukinka su, gama in sun zo shi zai gani kafin kai:

- rikicewar hankali, barcin da ba a iya tashin mutum, ko jijjiga;
- amai ba tsayawa;
- idanu sun koma ruwan ɗorawa, ko fitsari ya yi baƙi;
- numfashi sama-sama;
- haɓo, jini a dasashi, ko baƙin kashi;
- ciwon ciki mai tsanani, musamman a lokacin da zazzaɓin ya fara sauka.

9. Ke 'yar'uwa mai ciki

In akwai yadda za a ɗaga tafiyar zuwa bayan damina, a ɗaga. Zazzaɓin cizon sauro yana ƙarar da jinin mai ciki, yana sa ɓari ko haihuwar jariri mara nauyi. In tafiyar ta zama dole, ki zo awo kafin ki tashi, ki karɓi Fansidar in cikin ya wuce wata 3, ki riƙe katin awonki. Ki gaya wa ma'aikatan lafiya kina da ciki kafin a yi miki allurar shawara. Ki nemi wata mace a gidan da za ki sauka, wadda za ki iya faɗa wa abin da ba za ki faɗa wa maigida ba.

10. Bayan ka dawo

Sauron da ya cije ka a darenka na ƙarshe a Tanghin, ciwonsa a gida zai fito. Duk zazzaɓin da ya kama ka cikin wata guda bayan dawowa, ka zo asibiti a ranar, ka faɗa mana inda ka je da kwanakin da ka yi. Haka nan in ka ga jini a fitsari, ko da bayan wata biyu ne. Ka ci gaba da kwana cikin gidan sauro, don kada sauron gida ya ɗauki cutar daga jikinka ya kai wa yara.

Idan ka san wani a ƙauyenku da yake shirin irin wannan tafiya kuma bai iya karatu ba, ka zauna ka karanta masa. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.