Ƙofa da Juya Shafi a Littattafan Hotuna na Yara

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dalilin da ya sa ƙofa ta yawaita a littattafan hotuna da ake yi wa ƙananan yara. Ta nuna cewa shafin littafi shi kansa ƙyaure ne da hannun yaro ke buɗewa, kuma nagartar irin waɗannan littattafai tana rataye ne ga ɗan jinkirin da ke gabanin buɗewar.

Gabatarwa

Hausa ta bambance abubuwa biyu da Turanci kan haɗe su a kalma guda. Ƙofa ita ce mashigar, ƙyaure kuwa shi ne abin da ke rufe ta. Wannan bambanci yana da amfani ga mai nazarin littafin hotuna, domin takardar da yaro ke riƙe da ita tana aiki ne kamar ƙyaure: an kafe ta a gefe guda, tana juyawa, tana kuma ɓoye abin da ke bayanta. Tun a 1976 Barbara Bader, a tarihin da ta rubuta na littattafan hotuna na Amurka, ta jawo hankali ga juya shafi a matsayin jigon wannan fasaha. Galibin waɗannan littattafai shafi 32 ne, saboda haka damar juyawar ƙididdigaggiya ce, kuma mai zane yana tattalinta kamar yadda mawaƙi ke tattalin amsa-amo.

Masanin nan George Loewenstein ya bayyana a 1994 cewa son sani yana tasowa ne yayin da hankalin mutum ya kai ga wani giɓi a cikin abin da ya sani. Bango ba ya tayar da tambaya. Rufaffiyar ƙofa kuwa tana shaida wa yaro cewa akwai wani abu, sa'an nan ta hana shi ganinsa.

Daga haramtacciyar ƙofa zuwa wadda ake ƙwanƙwasawa

A tsohon adabin Turai ƙofa ta fi zuwa da gargaɗi. A labarin mai shuɗin gemu da Charles Perrault ya wallafa a Faransa a 1697, an ba amarya makulli an kuma hana ta buɗe ɗaki guda, darasin da marubucin ya liƙa a ƙarshe kuwa zargi ne ga son ganin ƙwaƙwaf. Zuwa 1865 lamari ya sauya: Alice ta Lewis Carroll ta leƙa ta 'yar ƙaramar ƙofa ta hangi lambu, matsalarta kawai ita ce jikinta ya fi ƙofar girma. Sai dai waɗannan labarai ne na zube, inda ake gaya wa mai karatu cewa an buɗe. Littafin hotuna ne ya miƙa wa yaro aikin buɗewar.

Mafi sauƙin misali shi ne Where's Spot? na Eric Hill, wanda ya fito a Ingila a 1980. Uwar kwikwiyo tana neman ɗanta, yaro kuma yana ɗaga 'yan murafun takarda da aka manna a jikin shafi, ya tarar da wata dabba dabam a bayan ƙofa ko cikin agogo. Ana iya zaton daɗin zai ƙare bayan karatun farko. Iyaye sun san ba haka abin yake ba. A karo na ashirin yaron ya riga ya san abin da ke ɓoye, murnarsa ta koma ta wanda ya yi kintace ya dace.

Anna-Clara Tidholm ta ƙasar Suwidin ta fi zurfafa dabarar a Knacka på! na 1992. Ba ta manna komai ba. Shafin gaba ɗayansa shi ne ƙyauren, kowane da launinsa, kuma ana gayyatar yaro ya ƙwanƙwasa takardar da yatsa kafin a juya, ya iske zomaye ko birai a ɗaki. Ƙwanƙwasawar nan ita ce hikimar littafin, domin tana tilasta tsayawa. Yaron da ya tashi a gidan da ake sallama a zaure a jira amsa ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Wanda ya fi kowa jan wannan jinkiri shi ne Norman Junge, a zanen da ya yi wa wata gajeruwar waƙar Ernst Jandl na Ostiriya, aka buga da sunan fünfter sein a 1997. Kayan wasa biyar, kowane da rauninsa, suna zaune a ɗaki mai duhu-duhu. Ƙofa ta buɗe, haske ya zubo, ɗaya ya shiga, ya fito a gyare. Ba a nuna cikin ɗakin ba sai da layi ya zo kan na ƙarshe, sa'an nan aka ga likita ne. Littafin ya yarda cewa son sani da fargaba tare suke tafiya, abin da yawancin masu kwaikwayon salon kan share don gudun tsorata yara.

Ƙofar da yaro ya zana da kansa

A Journey na Aaron Becker, wanda ya fito a Amurka a 2013 ya kuma samu lambar yabo ta Caldecott a 2014, babu rubutun labari ko kaɗan. Wata yarinya ta nemi abokin wasa a gida, kowa ya shagala da harkarsa. Ta ɗauki jan alƙalami ta zana ƙofa a bangon ɗakinta, ta shige wani daji mai fitilu. Birnin da ta baro an zana shi da launi dusashe, can kuwa launi ya cika shafi. Duk inda ta maƙale sai ta zana mafita, daga kwalekwale har darduma mai tashi. Bashin da littafin ke ɗauke da shi na Harold and the Purple Crayon na Crockett Johnson, na 1955, a fili yake. Abin da Becker ya ƙara shi ne ƙofa ta biyu, mai launin shunayya, wadda ta maido da yarinyar unguwarsu ta haɗa ta da yaron da ya zana ta. Ƙirƙirar zuci a nan ta kai ta ga mutum ɗan'uwanta, wanda shi ne abin da ta rasa tun farko.

JiHyeon Lee ta Koriya ta Kudu ta bi wata hanyar a littafinta Door, wanda bugunsa na Amurka ya fito a 2018. Yaro ya tsinci makulli, ya buɗe tsohuwar ƙofa, ya faɗa cikin wasu halittu masu magana da harshen da shi da mai karatu duk ba sa ji. Suka karɓe shi, har ya halarci biki. Ɗan baƙin haure da aka kai sabuwar makaranta ya san wannan yanayi sarai.

A nan ne batun ya shafi Hausawa mazauna ƙetare. A 1990 Rudine Sims Bishop ta kwatanta littattafan yara da madubi da taga da kuma ƙofar gilashi, tana mai nuni da cewa yaro na buƙatar ganin kansa, ya kuma shiga rayuwar wasu. Littattafan hotuna da Hausa ba su wadata a shagunan Landan ko Jidda ba. Littafi maras rubutu kuwa bai da harshen da ya keɓanta da shi, dalilin da ya sa ƙungiyar IBBY ta fara tara irinsu a 2012 domin yaran da ke isa tsibirin Lamfedusa na Italiya. Uwa a Manchesta tana iya buɗe Journey da "ga ta nan, ga ta nanku", ta tsaya a bakin jar ƙofa ta tambayi 'yarta da Hausa abin da take zaton yana ciki.

Akwai wani abin lura ga masu fassara. A littafin da ake karantawa daga hagu zuwa dama, ƙofa takan zauna a shafin dama, masu tafiya kuma su fuskanci can, domin nan ne hannu zai juya. Yaron Hausa a Umdurman ko Makka wanda ya fara da Larabci yana buɗe littafi ta ɗaya gefen. In an mayar da littafin zuwa Larabci ko ajami ba tare da an juya hotunan ba, sai yaron cikin hoto ya zama yana tafiya baya, ƙofar kuma ta faɗo a shafin da aka riga aka wuce.