Sabon faifan sola: Ko zai jure zafin Garwa?

Babu mazaunin Garwa da bai san abin da ƙarancin ruwa a madatsar Lagdo ke jawowa ba. An kammala madatsar a 1982 a kan kogin Binuwai domin ta ba da megawat 72, amma duk shekarar da damina ta gaza, sai wuta ta yi ƙaranci a gidajenmu da kasuwanninmu. Hakan ya sa aka waiwayi rana, inda a 2023 aka ƙaddamar da tashoshin sola na Gider da Marwa, waɗanda kamfanin Scatec na ƙasar Norway ya kafa.

To sai dai faifan silikon da muke amfani da shi yana da iyaka. Kusan kashi 20 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa lantarki, kuma masana sun ƙiyasta cewa ba zai wuce kashi 29 ba.

A nan ne wani sinadari mai suna ferobiskait ya shigo. A 2009 Farfesa Tsutomu Miyasaka na Japan ya fara gwada shi, ya samu kashi 3.8 kacal. Yau ya haura kashi 26. Dabarar da ta fi tasiri ita ce shimfiɗa shi a saman silikon: shi ya kama shuɗin haske, silikon ya kama jan da ya ratsa ƙasa. Da wannan haɗin kamfanin LONGi na ƙasar Sin ya kai kashi 34.6 a 2024, shekarar da Oxford PV na Ingila ya fara sayar da irin wannan faifai.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙa ba. Zafi da danshi suna saurin lalata ferobiskait, ga kuma dalma a cikinsa, alhali faifan silikon kan zo da garantin shekara 25. Mu kuwa a watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga danshin Agusta.

Don haka muna kira ga sashen makamashi na Jami'ar Marwa da hukumomi su nemi a kawo waɗannan faifai a gwada su a nan tun yanzu. Kafin ɗan kasuwa ya zuba kuɗinsa, ya kamata ya san shekara nawa faifan zai yi a saman rufin kwano.